Kurakuran da aka fi yi wajen sauraron koncetocin celo na Rasha

Tambayoyin da sababbin shiga ke yi kan kiɗan celo na zamanin Sobiyet ba sa wuce uku ko huɗu, kuma kullum su ne dai suke dawowa har mutum ya gaji da amsawa. Ga wanda bai sani ba, celo babban goge ne na Turawa mai tsirkiya huɗu, ana zama a kafa shi tsakanin gwiwoyi. Konceto kuwa kiɗa ne da aka rubuta wa makaɗi ɗaya yana gaba, taron makaɗa na amsa masa. Yawancin kurakuran daga wajen zaɓen ɗauka, wato faifan da aka naɗa, suke, sai kuma yadda aka saurare ta.

Wanda ya fi ƙona rai shi ne mutum ya kunna konceto na biyu na marubucin kiɗa Dmitri Shostakovich a sifikar waya, janareto na ruri a bayan gida, bayan minti uku ya ce wai kiɗan ba shi da gishiri. To me ka ji? Wannan aiki, mai lambar aiki Op. 126, da aka fara kaɗawa a Mosko ranar 25 ga Satumba 1966, ranar da mai shi ya cika shekara 60, yana buɗewa ne da celo shi kaɗai, a hankali, can ƙasa-ƙasa. Tsirkiyar celo mafi kauri tana bugawa wajen sau 65 a daƙiƙa, sifikar waya kuwa ba ta da cikin da za ta fitar da wannan amo. Abin da ke isa kunnenka ƙaiƙayi ne, tsabar ta zube a hanya. Sai ka ƙara murya don ka ji, sai babbar ganga ta faɗo a tsakiyar kashi na farko, inda take katse celo da duka ɗaiɗai, ka zabura ka rage. Daga nan hannunka ba zai bar maɓallin ba, kuma ka rushe tazarar da aka gina kiɗan a kanta, tsakanin raɗa da ihu.

Gyaran ba wuya. Ka sa abin ji mai rufe kunne duka, ka zaɓi lokacin da gida ya yi tsit. Ni dai al'adata ita ce in fara tsallakawa zuwa wuri mafi ƙara a kashi na uku, inda duka makaɗan ke ɓarkewa da waƙar tallar burodi ta titunan Odesa da aka ji a kashi na biyu, in saita murya yadda kunne zai ɗauka, sannan in koma farko ba na sake taɓa komai. Idan manhajarka tana da tsarin daidaita ƙarar waƙoƙi, kashe shi. Alamar ka yi daidai tana minti na ƙarshe: celo ya riƙe sauti guda ɗaya mai tsawo, ƴan kayan bugu na katako suna ƙwas-ƙwas a kansa kamar agogon bango. Idan ba ka jin su biyun a rarrabe, maganarka kan wannan konceto ba ta da amfani tukuna.

Na biyu, rikicin ayyukan marubucin kiɗa Sergei Prokofiev, wanda ya ci kuɗin mutane da yawa. Ayyuka biyu ne. Akwai Konceto Op. 58 da aka fara kaɗawa a 1938 bai karɓu ba. Bayan Prokofiev ya ji saurayi makaɗin celo Mstislav Rostropovich ya kaɗa shi a 1947, sai ya warware shi ya sake ɗinkawa tare da shi, aka sami Op. 125. An gabatar da wannan a Mosko cikin Fabrairun 1952 da sunan konceto na biyu, Sviatoslav Richter mai fiyano ne ma ya jagoranci makaɗan, abin da bai sake yi ba. An kuma yi masa gyara, sannan ya fito da sunan Symphony-Concerto, wasu faifan kuma su rubuta Sinfonia Concertante. Aiki ɗaya, suna uku. Tarkon bai ƙare nan ba: dukansu biyu a ma'aunin E minor suke, sunan saurin da aka rubuta a kan kashi na farko a kowanne Andante ne, na biyu Allegro giusto, har farkon kiɗan ma ya yi kama. Sai ka ga mutum ya saurari János Starker yana kaɗa Op. 58, ya saurari Rostropovich da Malcolm Sargent suna kaɗa Op. 125, ya zo yana kumfar baki wai ɗayansu ya yanke kiɗan ko ya ƙara nasa. Haba malam! Ayyuka biyu daban ka ji. Duba lambar aiki kafin suna, kullum. In babu lamba, duba kashi na uku: idan an rubuta Tema, tsohon ne; idan Andante con moto ne, sabon ne. Mai son jin tsohon da sauti na zamani ya nemi ɗaukar Steven Isserlis da Paavo Järvi a kamfanin faifai na Hyperion. Akwai kuma ƙaramin Concertino Op. 132 da Prokofiev ya mutu a 1953 bai gama ba, Rostropovich da marubucin kiɗa Dmitri Kabalevsky suka ƙarasa. Kada a cusa shi cikin wannan lissafi.

Sai masu mayar da Rostropovich alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. Gaskiya ne shi aka rubuta wa koncetocin Shostakovich biyun, ya haddace na farko cikin kwana huɗu, ya kaɗa shi a Leningirad ranar 4 ga Oktoba 1959, Mravinsky na jagorantar makaɗan. Ɗaukarsa da Eugene Ormandy a Filadelfiya a Nuwamban shekarar, Shostakovich na wurin, dole ce ga kowa. Amma Rostropovich makaɗi ne mai faɗin ƙirji, sautinsa na cika ɗaki, kuma wanda ya saba da shi kaɗai sai ya ɗauka duk wanda bai yi ruri haka ba rago ne. Ka haɗa shi da Heinrich Schiff, wanda ya ɗauki biyun tare da Maxim Shostakovich, ɗan mai kiɗan, da makaɗan rediyon Bavariya. Nasa ya fi bushewa da tsauri, kuma a ganina na biyun ya fi zama a hannunsa. Natalia Gutman da Yuri Temirkanov ma suna nan. Wajen gwadawa kada ka ji faifai biyu cur a jere, kunne mantuwa gare shi. Ɗauki wuri ɗaya, misali ƙarshen kashi na biyu na konceto na farko inda celo ke shewa can sama tare da celesta mai amon ƙararrawa, ka ji shi sau biyu a kowace ɗauka.

A konceto na farkon nan na Shostakovich ƙaho ɗaya tak ne a duk kayan busa na tagulla, kuma shi ne abokin gardamar celo tun daga kashi na farko. Ɗaukar da aka manna wa celo makirfo har ƙahon ya koma kamar daga maƙwabta yake, ajiye ta komai sunan makaɗin.

Kashi na biyu, na uku da na huɗu na wannan konceto a haɗe suke ba numfashi, na ukun ma celo ne kaɗai na kusan minti shida. Talla ta faɗo a tsakani, ko waya ta gauraya jerin, ka yi asara. Sauke faifan duka, ka kunna shi a jere.

Allegretto, wato ɗan sauri-sauri, aka rubuta a kan kashinsa na farko, ba Allegro mai sauri ba. Wanda ya fi gudu ba shi ya fi daidai ba.

Sautuka huɗun da suka buɗe shi dangin DSCH ne, wato sautuka huɗu da Shostakovich ya mayar tambarin sunansa, amma ba su ne ba. A daina cewa su ne.

Kabalevsky koncetocin celo biyu gare shi: na 1949 na matasa ne mai sauƙin rai, na 1964 da ya rubuta wa Daniil Shafran duhu ne da nauyi. Kada ka yanke wa na biyun hukunci da na farkon. Wanda kuma ya ga an rubuta Tchaikovsky a kan konceton celo na 1964, Boris ne, ba Pyotr na ƙarni na 19 ba.

Kiɗan Alfred Schnittke ba wurin farawa ba ne. Koncetonsa na farko, wanda ya gama wa Gutman a 1986 bayan shanyewar jiki ta kwantar da shi, yana son kunnen da ya riga ya sha Shostakovich ya ƙoshi. Mai neman tsani ya fara da na Myaskovsky na 1944, kashi biyu ne kawai, kuma ɗaukar Rostropovich da Sargent ta 1956 ta wadatar.