Waƙoƙin Zanga-zanga a Jamus: Abin da Baƙo Zai Sani Kafin Ya Shiga Taro

Duk shekara idan bazara ta shigo, nakan ga samarinmu sababbin zuwa suna bin abokansu Jamusawa wuraren kiɗa da zanga-zanga, kuma ban taɓa hana kowa ba, domin mawaƙan nan sun tsaya wa baƙi a lokacin da wasu suka yi gum. Al'adar ta daɗe. A 1970 aka kafa ƙungiyar Ton Steine Scherben a Berlin ta Yamma, suna rera waƙoƙin rok da Jamusanci, suna mara baya ga matasan unguwar Kreuzberg da ke tarewa a gidajen da aka bari kango. A Jamus ta Gabas kuwa, gwamnati ta soke wa Wolf Biermann, mawaƙin da ke sukar ta, zama ɗan ƙasa a 1976 bayan wasan da ya yi a birnin Kolon na Jamus ta Yamma. A Satumbar 2018, bayan tarzomar masu ƙyamar baƙi a Chemnitz, kimanin mutum 65,000 suka hallara a garin don sauraron mawaƙan da suka zo yi musu raddi. Wanda ya taso yana jin labarin mawaƙan NEPU ba ya buƙatar dogon bayani.

Akwai kuma rok na 'yan ra'ayin Nazi, irin wanda ya tara kusan mutum 6,000 a garin Themar a 2017. Kauce musu ba shi da wuya: ka tambayi wanda ya daɗe kafin ka sayi tikiti, kuma kada ka ɗauko rigar gwanjo mai lamba 88 don arharta, domin a wurinsu gaisuwar Hitila take nufi.

Abin da ya ƙona ni shi ne takardu. A shekarata ta biyu a Jamus na bi wata zanga-zanga da ake kiɗa a bisa mota, a watan Nuwamba, sanyi yana ratsa ƙashi, sai na naɗe baki da hanci da mayafi kamar yadda muke yi da hunturu a gida. Ban san cewa doka ta hana rufe fuska a irin wannan taro ba. 'Yan sanda suka rubuta sunana, bayan makonni wasiƙa ta iso cewa an buɗe bincike a kaina. Abokina Bajamushe da aka tare mu tare dariya kawai ya yi, domin shi ba shi da izinin zama da zai sabunta. Ni kuwa nawa saura wata biyu ya ƙare, kuma dokar zaman baƙi ta ce a dakatar da yanke hukunci kan sabuntawa muddin binciken laifi bai kammala ba. Takardar wucin gadi da suke kira Fiktionsbescheinigung aka miƙo mini, na riƙa yawo da ita wata bakwai, har wani mai gida da muka gama maganar hayar ɗaki da shi ya dube ta sau ɗaya ya ba wani ɗakin. Daga baya an rufe maganar ba tare da hukunci ba, amma ɗakin ya riga ya tafi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda yaranmu ke tura irin wannan wasiƙa ƙarƙashin katifa don ba su iya karanta ta ba, alhali muna da dattawa da ɗalibai a cikinmu da ba su taɓa ƙin fassara wa kowa takarda ba. Idan takardar tara ta zo daga kotu, mako biyu kacal gare ka ka ƙalubalance ta, in ba haka ba ta zama hukunci, kuma tarar da ta haura ta kwana 90 (a nan da kuɗin shigar mutum na kwana ake lissafa tara) tana iya tare maka hanyar zama ɗan ƙasa. Ka ba 'yan sanda sunanka da adireshinka, amma a kan zargin kansa kada ka rubuta komai sai lauya ya gani.