Yadda ake horar da sabon shugaban asibiti a bakin aikinsa

Yawancin masu riƙe da asibitoci da cibiyoyin lafiya ba don sun iya shugabanci aka naɗa su ba. Likita ne da ya ƙware a tiyata, ko ma'aikaciyar jinya da ta fi kowa daɗewa a wurin, sai a wayi gari an damƙa makullin ofis da jadawalin ma'aikata da asusu a hannunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarin da ta fitar a 2007, ta sa jagoranci cikin ginshiƙai shida na harkar lafiya, tare da ma'aikata, kuɗi, magunguna, bayanai da kula da marasa lafiya. Sai dai shi ne aka fi barin mutum ya koya da ka. Bitar kwana uku a ɗakin taro tana da amfaninta, amma idan mutum ya koma ya tarar da tsohon tsari yana jiransa, cikin wata guda abin da ya koya ya bi ruwa.

A fara da miƙa aiki a rubuce. Mai barin gado da mai karɓa su zagaya tare, su ƙirga kayan sito, su duba ragowar kuɗi da basussuka, su lissafa ma'aikata da na'urorin da suka lalace, su sa hannu su biyu. Daga nan a haɗa sabon shugaba da wani gogagge wanda ba ubangidansa ba ne, ya riƙa ziyartarsa sau ɗaya a wata na tsawon wata shida. Idan mai ba shi shawara shi ne mai rubuta masa rahoton ƙarin girma, zai ɓoye masa matsalolin da ya kamata su tattauna.

Horon ya tsaya a kan matsala guda ɗaya da za a iya aunawa. "Inganta aiki" ba buri ba ne da za a auna. Amma a ce cikin wata shida kwanakin da maganin tsayar da jini bayan haihuwa ke yankewa su koma sifili, wannan kowa zai gane an yi ko ba a yi ba. Kuma ba shugaba kaɗai za a horar ba. A sa mutum huɗu ko biyar: shi, da shugabar jinya, da mai kula da magani, da mai rajista, da akanta.

Lissafin magani shi ne inda aka fi tuntuɓe, don haka a zauna a kansa sosai. Don a san abin da ake buƙata a wata, ana ɗaukar abin da aka yi amfani da shi a wata uku a raba uku. Kuskuren shi ne mantawa da kwanakin da maganin ya yanke. A ce an raba ƙwaya 900 cikin kwana 90, amma kwana 30 babu maganin a sito. Wanda ya raba uku zai ce 300 ake buƙata a wata. Gaskiyar ita ce 900 ɗin a kwana 60 suka ƙare, wato 15 a rana, 450 a wata. Mai yin oda da 300 zai ci gaba da yankewa, kuma kowane wata lissafinsa zai ƙara gaskata kuskuren. Sabon shugaba ya ɗauki magani biyar duk mako, ya ƙirga da hannunsa, ya gwada da abin da ke katin sito. Wanda ya fi kusa da lalacewa shi ake fara fitarwa, ko da shi ya zo daga baya. Firijin rigakafi kuwa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a rubuta safe da yamma. Takardar da ta nuna lamba ɗaya tak wata guda cur abar tuhuma ce.

Haka alƙaluma. Da yawa ana cike fom ne don a tura sama, ba wanda ya karanta a gida. A zaɓi ma'auni biyar zuwa takwas, a zana su a bango. Misali, a allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jarirai sau uku, a cire yaran da suka karɓi ta uku daga waɗanda suka karɓi ta farko, a raba da na farkon, a ninka da 100. Idan ya haura kashi 10, yara na ɓacewa a hanya, a nemi dalili. A kula: muddin aka fara hukunta ma'aikaci don lambarsa ta yi ƙasa, lambobi za su gyaru a takarda kawai.

Kukan ƙarancin ma'aikata ma yana buƙatar hujja. Mai aikin kwana biyar a mako yana da kwana 260 a shekara. Idan hutu da jinya da bita suka ci 50, saura 210, wato awa 1,680 idan awa takwas ake yi. A auna mintocin da kowane aiki ke ci, a ninka da yawansa a rajista, sai a ga ko mutane ne suka yi kaɗan ko rabon ne ya karkace.

Zaman mako-mako kada ya wuce minti 45. A buɗe shi da alkawuran makon jiya, a rufe da sunan wanda zai yi kowane abu da ranar gamawa. Shugaban ya koyi sakin aiki: wanda aka ba nauyi a ba shi ikon yanke shawara a kai, a kuma sanar da sauran ma'aikata, in ba haka ba duk wata takarda teburinsa za ta dawo.

Mutuwar mace wajen haihuwa ana kai rahotonta cikin awa 24, sannan a zauna bita ba tare da ambaton suna ko ɗora laifi ba. Tambayar ita ce ina aka samu jinkiri: jini, mota, ko kiran likita? Ranar da shugaba ya tsawata wa ungozoma a gaban jama'a a irin wannan zama, ya rufe bakin kowa.

Su kuma na sama akwai nasu. Kada a sauya wa mutum wurin aiki ana tsakiyar horonsa, kuma a ba shi wani ɗan kaso na kuɗi da zai iya kashewa kan ƙananan gyare-gyare ba sai ya jira izini ba, da sharaɗin rasit da sa hannun mutum biyu.