Yadda nake kawo labarin Norbert Brainin aji

Malamin da zai ba yaran Jos labarin ɗan gudun hijira, sai ya taka a hankali. A ajina akwai waɗanda iyayensu suka sauya unguwa bayan rikicin 2008, akwai kuma 'yan Barno.

Ka fara da kiɗan. Nemo ƙungiyar Amadeus, ta masu gogen Turawa wadda Norbert Brainin ya jagoranta, a YouTube, jona wayarka da 'yar sifika, ka sakar musu minti biyu ba tare da bayani ba. Sannan ka tambaya: goge nawa kuka ji? Yawanci biyu suke cewa, alhali huɗu ne. In akwai mai goge a unguwarku, gayyato shi. Su ga ƙwaryar da aka rufe da fatar guza da tsirkiyar gashin doki, su gwada da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu wanda ake maƙalewa ƙarƙashin haɓa.

Sai kunne ya kama za ka shigo da labarin Brainin. An haifi Brainin a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1923. Da Jamus ta Hitila ta haɗiye Ostiriya a 1938, ya gudu Landan yana ɗan shekara 15, don Bayahude ne. A nan nake jan lokaci, saboda abin da ya biyo baya: a 1940 Ingila ta tsare shi a sansani, wai ɗan ƙasar abokan gaba ne. Wanda ya gudo daga Hitila ke nan fa! A tsaren ya haɗu da Peter Schidlof, shi kuma Schidlof ya haɗu da Siegmund Nissel, duk masu goge 'yan gudun hijira. Bayan an sake su, Max Rostal, wani malamin goge, ya koyar da su kyauta. Da Martin Lovett, ɗan Ingila, suka cika huɗu, suka fito a zauren Wigmore na Landan a Janairun 1948. Ba su taɓa sauya mutum ba, sai da Schidlof ya rasu a 1987 suka rufe ƙungiyar.

Kada ka cika allo da shekaru, uku sun isa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne nuna yaro a ce, "Kai ma ai kun gudo, tashi ka ba mu labari." Raba takarda, kowa ya rubuta abu ɗaya da zai ɗauka in an ce ya bar gida yau, ba suna. Tattara ka karanta kaɗan, bayan ka cire duk wadda za a iya gane mai ita.