Kurakuran da sakatarorin ƙungiyoyinmu ke yi da ƙirƙirarriyar basira

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, aikin sakataren ƙungiya a Gadarif ko Kassala ya ninka. Ga rajistar iyalan da suka gudo daga Khartum, ga wasiƙu zuwa ofishin mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, ga gudummawar 'yan'uwa mazauna Makka da Jidda da ke shigowa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartum. Ban ga laifin wanda ya ɗora wa ChatGPT ko Gemini wani ɓangare na wannan kaya ba, ni ma ina yi. Sai dai akwai wuraren da muke yawan tuntuɓe.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne zuba sunayen mutane. Sakatare zai ɗauki hoton littafin rajista, da sunan maigida, da lambar waya, da rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, da unguwar da ya sauka, ya tura wa na'ura ta jera masa. Duk abin da ka tura ya bar wayarka, ya tafi rumbun kamfanin da ke wata ƙasa, kuma ba kai ke da iko da shi ba. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a jihar Nilu Shuɗi a watan Yulin 2022 ya san jerin sunayen Hausawa da inda suke kwana ba takarda ce ta wasa ba. Bazawarar da ta ba ka lambarta, amana ta ba ka. Gyaran mai sauƙi ne: ka sa na'ura ta zana maka tebur babu kowa a ciki, kai kuma ka cike shi a kwamfutarka. In lallai sai ka nuna mata misali, ka rubuta "iyali na 1, mutum 6", ka tsaya nan.

Sai maganar kuɗi. A bakinmu, in dattijo ya ce ya ba da miliyan biyar, yawanci fam dubu biyar yake nufi, domin har yau da lissafin tsohon fam ake magana, wanda dubunsa ya koma fam ɗaya a canjin 2007. Na'ura ba ta san wannan ba. Na taɓa ba ta bayanin taronmu kamar yadda aka faɗa, ta fito da rahoton da ya nuna ma'ajinmu na riƙe da dukiyar da bai taɓa gani ba. Allah ya sa na sake karantawa kafin a tura wa dattawa, da an ɓata sunan bawan Allah a banza. Yanzu da lamba nake rubuta kowane adadi, jimla kuma da kalkuleta nake haɗawa, saboda ko a tara kuɗi tana iya zamewa.

Sunaye ma haka. Takan mai da Audu Abdu, ta gyara Tanko ko Ɗanladi yadda ta ga dama in ta juya su zuwa Larabci. Harafi ɗaya ya saɓa da na katin mutum, sai a hana shi buhun dawa. Ka kwafi suna daga katin da hannunka.

A wasiƙar Larabci kuwa tana da hannu, gaskiya, fusha, wato daidaitaccen Larabci, take zubawa tsaf. Amma tana iya ƙago sashen doka da babu shi, ta kuma rubuta wa umda, wato dagaci, ko sarki kamar tana rubuta wa manajan kamfani. Duk dokar da ba ka gani da idonka ba, goge ta. Gaisuwa da laƙabi kuma ka tambayi wani baba da ya saba shiga fada.

Kada ka bar mata tarihinmu. Takan iya kawo cewa Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin Nilu. Daga nan, wane gida ya fara sauka a unguwarku, wa ya haƙa rijiyar farko, sai ta hau cike gurbi da ƙirƙira. Wannan yana bakin kakanninmu. Ka je da littafi bayan la'asar, ka ce "Baba, a ba ni labarin zuwanmu", ka rubuta, sannan ka karanta masa ya ji kafin ya shiga takardar ƙungiya.