Kurakuran da ɗalibai ke ta maimaitawa a lissafin osiletan Dirac

Duk shekara idan ana duba furojek ɗin 'yan ajin ƙarshe na fiziks a nan Bauchi, kurakurai iri ɗaya nake tararwa. Ga na farko. Ɗalibi ya ɗauko ½mω²r² ya cusa a lissafin Dirac (lissafin kwantum na ƙwayoyi irin su ilektron, mai la'akari da gudu kusa da na haske) a matsayin fotenshiyal na bekta shi kaɗai, ya bi hanyar Nikiforov-Uvarov (wata dabarar warware irin wannan lissafi) tiryan-tiryan, ya jero matakan makamashi yana murna. Babu ɗaurarren yanayi, wato wanda ƙwayar ke tsare a wuri guda, ko ɗaya a wurin! Idan r, wato nisa daga tsakiya, ya yi girma, (E − V)² ne ke rinjaye (E makamashi, V fotenshiyal), igiyar da ke bayyana ƙwayar ba ta mutuwa, kaɗawa take ta yi. Matsalar da Oskar Klein ya bankaɗo tun 1929 ke nan. Ainihin osiletan Dirac, wanda Moshinsky da Szczepaniak suka raɗa wa suna a 1989, ba haka ake gina shi ba: p, wato momentum, ake mayarwa p − imωβr, kuma a kan layi guda ana samun E² = m²c⁴ + 2nħωmc². Ni dai ba na taɓa wata hanya sai na duba halin igiyar a can nesa.

Na biyun ya fi ƙona mini rai, don ya taɓa sa wata mujalla ta maido mini da takarda bayan dogon jira. Ka ɗauki fotenshiyal na sikela da na bekta daidai wa daida, S = V, sai lissafin ya fito da 2(E + mc²)V. Mayar da shi ƙaramin gudu, ƙasa sosai da na haske, ka gani: 2V za ka tarar a lissafin Schrödinger, tazarar matakai ta zama √2ħω. Haba jama'a! Gwajin minti biyar ne, amma kuna tsallake shi saboda kun kwafo daga wanda shi ma kwafowa ya yi. Na tambayi wani yaro ina biyun nan ta fito, ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, haka na gani." Ni rabin V nake bai wa sikela da bekta kowannensu tun farko.

A wannan lissafin E na cikin mitar kanta, to idan ka ninka ɓangarorin da kansu don kawar da saiwa, amsoshin bogi na shigowa. Mayar da kowacce gurbinta ka gwada.

A osiletan Dirac na layi guda, n = 0 na da +mc² kawai, kada ku liƙa masa ±. Igiyar Dirac na da babban ɓangare da ƙarami, kuma ƙaramin ma yana cikin jimillar yiwuwar da za ta ba da 1. Wanda kuma ya sa ħ = c = 1 ya manta bai maido su ba, ya ɗauki takardarsa ya koma, ba zan sa hannu ba.