Tsutsar hanta a shanun bakin Logon da Tafkin Chadi: wane magani, nawa, kuma yaushe

Duk mahaucin Kusiri ko Marwa ya san hantar da wuƙa ke ƙaras-ƙaras a cikinta: hanyoyin ɗaci sun yi kauri sun yi fari, in an matsa sai wata tsutsa fale-fale kamar ganye ta sulluɓo. Ita ce Fasciola gigantica, tsawonta kan wuce santimita 5. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan dabbobin da aka yanka a kudu maso gabashin Tafkin Chadi ya same ta a kashi 68 cikin ɗari na shanu.

Ba daga saniya zuwa saniya take wucewa ba. Ƙwai na fita a kashi, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga dodon koɗi, sannan 'ya'yan su fito su manne a ciyawar fadama. Saniya ta ci. Makonni suke yi suna huda naman hanta kafin su zauna a hanyar ɗaci, kuma sai bayan wata uku ko fiye ƙwai ke bayyana a kashi. Alamun su ne rama duk da ana ci, ido ya yi fari, nono ya ragu, ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa.

Wurin zaɓen magani ake yawan asarar kuɗi. Ivermectin shi kaɗai ba ya taɓa wannan tsutsa. Albendazole manya kawai yake kashewa, don haka wanda ya ɗura shi garke na fitowa daga fadama ya bar ƙananan suna ta ɓarna. A jira wata uku, kuma kada a ba saniya mai sabon ciki. Triclabendazole ne ke kashe manya da ƙanana: miligiram 12 a kowane kilo ga shanu, 10 ga tumaki. In kwalbar mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari ce, saniya mai kilo 250 mililita 30 za ta sha. A girgiza kwalba, a ɗura ta gefen baki bisa harshe, a hankali. A auna ƙirji da tef ɗin awon nauyi, domin kintacen ido kusan kullum ƙasa yake faɗawa.

Rage awo ba tattali ba ne. A Ostareliya aka fara ba da rahoton tsutsar da ta daina jin triclabendazole a 1995, yanzu kuma an gan ta a Turai da Kudancin Amurka, shi ya sa masu bincike suka duƙufa neman allurar rigakafi, wadda har yau ba ta shigo kasuwa ba. Mako uku bayan magani a kai kashi gwaji ta hannun likitan dabbobi. Akwai ɗakunan gwajin cututtukan dabbobi: LANAVET a Garwa, da IRED a Farsha, Injamena. In ƙwai na nan, ko awon ya gaza, ko maganin jabu ne, ko ya daina aiki.

Kada a yanka sai kwanakin da ke jikin kwalba sun cika, sau da yawa 56. Saniyar tatsa kuwa sai da shawarar likita.

Mutum ma yana kamuwa, ta ɗanyen ganyen bakin ruwa ko ruwan fadamar kansa. Praziquantel na tsargiya ba ya maganinta. A asibiti triclabendazole na mutane ake bayarwa, kada kowa ya sha na dabbobi.