Jinyar karen farauta da aka tsinta a galabaice

Karnukan farauta sirara masu dogayen ƙafafu, irin waɗanda mafarautan Daura ke shiga daji da su, ba su da kitse kuma fatarsu ba ta da kauri, saboda haka idan aka kawo ɗaya gidan kula da dabbobi yana fama da ciwo mai tsanani, shimfiɗa ce farkon abin nema. A ninka tsofaffin barguna, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 zuwa 4, domin kwanciya a kan siminti tana haifar da gyambo a ƙugu da gwiwa. Da hunturu a lulluɓe shi.

A ɗaga leɓensa a duba dasashi. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, sau da yawa saboda kaska ko tsutsar ciki, sai a kira likitan dabbobi nan take.

Wanda yunwa ta daɗe tana ci har haƙarƙarinsa suka fito, tausayi kan sa a cika masa kwano, alhali hakan na iya kashe shi. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau 4 a rana. Kada a ba shi ibuprofen, wato maganin rage ciwo da mutane ke sha, kuma mai amai da zawo a keɓe shi.